Gaɓar Tabarma a Filin Kurket

Wajibi ne a kan duk wanda ya ɗauki mutum aiki, ya raba shi da ƙasarsu, ya kawo shi inda ba shi da dangi, kada ya kore shi da sunan laifi sai ya karanta masa laifin, ya saurari bakinsa, ya kuma kira waɗanda aka yi abin a gabansu. Haka yake a rubuce cikin littafin ka'idodin aiki da ke kan teburina, kuma na sha kwafe wannan babi da hannuna saboda sababbin ma'aikata. Wannan haƙƙi aka hana wani mutum a nan Sakkwato shekara bakwai da suka wuce, ina tsaye ina kallo, kuma har yau ba a mayar masa da shi ba.

Ni akawu ne. Ina cikin waɗanda aka fara koya wa boko a garin nan bayan zuwan Turawa, na riga na sauke Alƙur'ani kafin a kai ni. Aikina ajiye takardu: wadda ta shigo, wadda ta fita, da ranar da kowace ta zo. Da Turawan ofishinmu suka ga rubutuna yana fita sosai, sai suka ƙara mini wani aiki na ranar Asabar bayan la'asar, wato riƙe littafin wasansu na kurket, a wani fili da aka share wajen Gawon Nama. A lokacin wurin daji ne, sai itatuwa da ƙaya.

Ga yadda wasan yake, saboda wanda bai taɓa gani ba. Ana shimfiɗa doguwar tabarma a kan daɓe, a kafa turaku uku a kowane ƙarshenta. Mai bugu ya tsaya gaban turakun da katako mai faɗi. Mai jifa ya sheƙo a guje ya jefo ƙwallon fata mai taurin dutse, ƙwallon ya doki tabarma ya taso. In ya kada turaku, mai bugu ya fita. In mai bugu ya ɗaga shi sama wani ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, nan ma ya fita. Ni nawa in zauna a inuwa in rubuta abin da kowace jifa ta haifar.

Mutumin da nake magana a kansa, Mai-waya ake ce masa, domin shi ke gyaran wayar tangaraho. Baƙi ne kamarmu, dogo, mai faɗin kafaɗa, ba ya jin Hausa ko kaɗan sa'ad da ya zo. Ba mutumin Iko ba ne, ba na Saliyo ba. Daga wani tsibiri ya fito can bayan teku, cikin waɗanda Turawa ke kira Wes Indis. Mutanen gari sun daɗe suna gardama a kansa a bakin kasuwa, wasu su ce Bature ne da rana ta ƙone, wasu su ce ɗan'uwanmu ne da aka sayar da kakanninsa. Na biyun su suka yi daidai, shi da kansa ya gaya mini.

Ban taɓa ganin jifa irin tasa ba. Yakan ja da baya taku ashirin, ya taho a hankali, ya ƙara, ya ƙara, hannunsa ya kewayo ta bisa kansa, sai dai ka ji ƙarar ƙwallon a tabarma, idonka bai bi shi ba. Amma in ka buɗe littafina na shekara ukun da ya yi yana wasa, za ka ce mai jifa ne na banza, domin waɗanda ya fitar ba su taka kara sun karya ba. Dalilin kuwa shi ne wannan. Turawan garin ba su isa cika ɓangare biyu ba, saboda haka akan cike gurbi da masinjoji da kuku da 'yan sanda, a watsa su cikin fili su tsaya cafe ƙwallo. Ƙwallon Mai-waya yakan ci gefen katako ya tashi kai tsaye zuwa hannun ɗayansu, mutumin ya miƙa hannu kamar da gaske, ya bar shi ya faɗi. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Wata Asabar na kira shugaban masinjoji gefe, dattijo ne tun a lokacin, na tambaye shi ko idonsa ne ya fara rauni.

Ya ce, "Idona lahiya lau, Malam. Kai da hankalinka? In kama Bature in hidda shi gaban mutane, gobe da sahe in tahi in durƙusa in gaishe shi in ce mai Zaki? Da wane ido? Mutum shina jin daɗin wasanai, ka katse mai. Ina ladabi ga wanga?"

Na ce ai ka'idar wasan ke nan, su suka kawo ta.

Kuku, wanda ke tsugune yana jinmu, ya ce, "Ka'ida taku ta, masu alƙalami. Ni hannun ga na tuya na. In ya karye wa ka soya ma Maigida ƙwai, kai?"

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Littafin ba shi da gurbin rubuta ƙwallon da aka saki, don haka daga ranar na fara ɗiga ɗigo a gefen shafi duk sa'ad da aka saki ɗaya. Da na nuna wa Mai-waya ya daɗe yana duban ɗigon nan. Da Turanci muke magana a lokacin. Ya ce, "Malam, ashe akwai mai gani." Daga nan muka saba. Ya gaya mini a tsibirinsu irinsa suna da yawa, 'ya'yan masu saran rake, waɗanda ake kira su yi ta jifa wa 'ya'yan masu gonaki su koyi bugu, in an tashi zaɓen masu wasa a manta da su. Sau ɗaya tak aka sa masa rana zai yi jifa gaban masu zaɓe, aka yi kwana uku ana ruwa, manyan suka hau jirgi suka koma. Bayan haka ya sa hannu a takardar aikin waya, ya bar tsohuwarsa da 'yarsa ƙarama wadda uwarta ta rasu, da alkawarin zai dawo bayan shekara huɗu.

A daminar shekararsa ta uku gara ta shiga ɗakin ajiya ta cinye tabarmar wasa, wadda aka kawo daga Iko. Babban Baturen ofishinmu ya ce in je cikin gari in sa a saƙa wata. Na tafi wurin wani tsoho da ya yi suna a saƙar kaba, na auna masa tsawo da faɗi a ƙasa da sanda. Ya bi layin da ido har ƙarshensa, ya dube ni.

Ya ce, "Ɗana, wa za shi kwana bisa wagga? Ko Bature ya sayi raƙumin dawa?"

Na ce, "Baba, ba ta kwana ba ce, ta wasa ce."

Ya ce, "To, Allah shi kyauta. Ka dawo bayan kasuwa uku."

Tsohon bai yi ha'inci ba, ina so a riƙe wannan. Tabarma a wurinsa tsawon mutum ce da ɗan ƙari, haka ya gada. Sai ya saƙa guda takwas, ya kalmasa bakin kowace ninki biyu yadda ake yi wa tabarmar da za ta shiga gidan manya, ya ɗora baki a kan baki ya ɗinke da igiyar rama. Kowace gaɓa ta yi tudu kamar kaurin yatsa. Ya nuna mini ɗinkin yana alfahari, ya ce ko jikokina ba za su ga ta warware ba. Na yaba, na sa aka ɗauka. Shekara uku ina zaune a gefen tsohuwar tabarmar, ban taɓa tashi na shafa ta na san ba ta da gaɓa ko ɗaya ba. Tsawo da faɗi kaɗai na kai wa tsohon. Wannan kuskurena ne, na rubuta shi a nan kamar yadda zan rubuta na kowa.

Ranar da aka fara shimfiɗa ta babbar rana ce, domin Turawa sun zo a kan dawaki daga Argungu da Birnin Kebbi saboda wasan. Kafin a fara, Mai-waya ya durƙusa ya bi tabarmar da tafin hannunsa. Da ya zo gaɓa ta biyu daga turaku sai ya tsaya, domin nan ne daidai inda ƙwallonsa ke sauka. Ya tashi ya je wurin babban Bature, ya cire hula, ya ce masa in ƙwallo mai gudu ya doki tudun nan ba wanda ya san inda zai nufa, ya roƙi a naɗe tabarmar a yi wasa a kan daɓe, ko a ɗaga ranar. Baturen ya ce baƙi sun yi kwanaki a kan sirdi, ba za a mayar da su saboda ɗinkin tabarma ba. Mai-waya ya zo inda nake ya ce, "Malam, rubuta abin da na ce da abin da aka ce mini." Na rubuta a saman shafin ranar, da lokacin da agogona ya nuna.

Ya fara jifa a hankali, daga taku biyar kawai, yana sauke ƙwallon nesa da gaɓar. Mai bugu a lokacin wani ƙaramin Bature ne sabon zuwa, saurayi mai fara'a, wanda bai taɓa yi wa kowa tsawa ba a iyakar sanina. Ko da wannan jifa mai sanyi, sau uku ya ɗaga ƙwallo sama. Na farko ya zo ƙirjin shugaban masinjoji, ya sake shi. Na biyu kuku ya kauce masa. Na uku ya koma ga shugaban masinjoji, ya sake sakinsa, ya sunkuya yana cewa, "Zaki, ƙwallon ga santsi gare shi." Baƙi suka fashe da dariya. Mai-waya ya fizge hularsa ya buga da ƙasa, ya ɗaga murya ya faɗi magana mai zafi ga masu cafewa. Kowa ya ga wannan, ni ma na gani, ba zan ɓoye ba. Sai babban Bature, wanda shi ne shugaban ɓangaren Mai-waya, ya kira shi daga inda yake tsaye ya ce ya daina jifa irin ta tsofaffi, ya yi abin da aka san shi da shi, baƙi sun zo su gani.

Mai-waya ya dube shi, ya dubi tabarma, ya ɗauki hularsa ya ja da baya taku ashirin. Jifa ta farko ta wuce lafiya. Ta biyu ta doki gaɓar. Ƙwallon da ya kamata ya zo daidai gwiwa ya miƙe tsaye ya sami saurayin a idon hagu. Ya saki katako ya zube. Mai-waya ne ya fara isa gare shi, ya yage rigarsa ya danne wurin, yana tallafe da kansa, har aka zo aka janye Mai-waya ta baya. Idon bai tsira ba. Bayan kwana uku aka ɗauki saurayin a amuku, ragar ɗaukar mutum, aka nufi kudu da shi, daga can aka wuce da shi ƙasarsu. Ba wanda ya tambaye shi yadda abin ya faru.

Ranar Litinin takarda ta zo teburina domin in kwafe, in sa mata lamba. Ta ce Mai-waya ya jefi jami'i da gangan cikin fushi, a gaban shaidu. Ta ce an kore shi, an rubuta halinsa mummuna, kuma haƙƙinsa na jirgin komawa gida ya faɗi. Ba a kira shi ba. Ba a kira ni ba, ba a kira tsohon da ya yi saƙa ba, ba a kira ko masinja ɗaya ba. Na ɗauki littafin wasa na shiga ofishin babban Bature, na buɗe shafin na ajiye a gabansa, na ce, "Ranka shi daɗe, ga abin da ya faɗa kafin a fara." Bai duba ba. Ya ce littafin wasa ba takardar gwamnati ba ce, in koma in gama aikina kafin azahar. Na koma na kwafe takardar da rubutuna mai kyau, ban bar ko wasali ba, na sa mata lamba. Ina da mata da 'ya'ya uku da tsohuwa a gida. Ban kawo wannan a matsayin uzuri ba.

Washegari na je filin don in ɗauko tabarmar in ajiye shaida. Na tarar an farke ɗinkin, an raba wa masu kiwon dawaki guda takwas ɗin. Ba a ƙara yin kurket a Sakkwato ba sai bayan shekara biyu, da sabuwar tabarma daga Iko da sabon littafi. Tsohon littafin ba wanda ya neme shi, yana wurina.

Mai-waya ya bi fatake ya tafi kudu. Duk inda ya nemi aiki sai a ce ya kawo takardar shaida, in ya miƙa a karanta a mayar masa. A bakin teku ya roƙi a ɗauke shi ko mai zuba gawayi a jirgi, aka ce ba a ɗaukar wanda ya cire idon Bature. Bayan shekara guda, wata rana na taso daga ofis na tarar da mutum zaune a ƙofar zaurena, ya rame har ban gane shi ba sai da ya miƙe. Ya ce, "Malam, littafin yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce to a nan zai zauna, domin duk duniya wuri ɗaya ne aka rubuta gaskiyarsa.

Na ba shi ɗakin da ke jikin zaure. Maƙwabta suka yi ta magana cewa na ajiye wanda ba ya salla, har aka kai wa limamin unguwa, ya ce baƙo baƙo ne, a bar shi. Ya sami wuri a kasuwa kusa da maɗinka yana gyaran fitila da kwaɗo da keken ɗinki. Hausa ta kama bakinsa irin tamu tsantsa, har fataken Kano sukan tsaya su tsokane shi su ce, "Bature, faɗi fili mu ji," ya ce, "Hili," su yi ta dariya, ya ce musu, "Ku tahi ku koyo magana, 'yan koli." A ranakun nan mutum zai ɗauka ya haƙura. Ni da nake ba shi tawada na san bai haƙura ba. Duk wasiƙar da ya aika gida cewa yake yi an ƙara masa wa'adin aiki. Tsohuwarsa ta rasu tana jiran ƙarshen wa'adin. 'Yar da ya bari ba ta iya magana sosai ba, yanzu da hannunta take rubuto masa, kuma kowace wasiƙa tambaya ɗaya take ƙarewa da ita, wane jirgi.

Sau biyar na rubuta takardar koke a madadinsa. Biyu ba a amsa ba. Biyu an mayar mini da su. Ta biyar ta dawo da layi ɗaya a gefenta cewa an rufe maganar, kuma ni ne na sa wa wannan amsa lamba na jera ta. Babban Baturen an sauya masa gari tun tuni. Tsohon masaƙi ya rasu shekara uku da suka wuce. Kuku ya bi maigidansa, ban san inda yake ba. Shaidu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina rubuta takardu.

Tun daminar bara Mai-waya yake tari, yanzu da jini. Ya daina zuwa kasuwa. Hannun daman nan ba ya iya ɗaga shi ya kai kofi baki sai ya tallafa da na hagu. Mai ba da magani ya duba shi, ya kira ni waje ya ce in akwai inda yake son zuwa, a kai shi bana.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, shugaban masinjoji ya zo zaurena yana dogara sanda. Ya bar aiki, idonsa yanzu ya yi raunin gaske. Shekara bakwai yana kauce wa layinmu. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, suka gaisa.

Mai-waya ya ce, "Sarkin masinja, ka zo kama ƙwallo? Ka makara."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, "Mai-waya, abin ga ya hana ni sakat. Na lissafa, na sake lissafawa. Da na riƙe na farko, da yaron ga ya hita ya zamna inuwa shina shan shayi. Da idonai na nan, da kai kana gida. Ni niƙ ƙi kamawa don kar in ba shi kunya." Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, in akwai inda aka hwaɗin wanga a rubuta, kai ni. Ko gaban wa. Amma ka yi sauri, ni ma ba ni da nisa."

Mai-waya ya juya fuskarsa wajen bango. Da tsohon ya tafi ya kira ni ya ce ba ya son a hukunta kowa, takarda kawai yake so wadda zai iya nuna wa 'yarsa, da wurin kwanciya a cikin jirgi.

Saboda haka, cikin ladabi da sanin matsayina, ina roƙon shugabannin da wannan magana ta shafa su sake buɗe ta, su naɗa wanda ba shi da hannu a ciki ya yi bincike. Ina roƙon a karɓi littafin wasa daga hannuna a duba shafin ranar, a saurari tsohon masinja tun yana da rai, a saurare ni a kan rantsuwa har da laifina na kwafe abin da na san ba gaskiya ba ne, kuma a rubuta wa saurayin da ya rasa idonsa a tambaye shi ko ya ga mugun nufi a jifar. In bincike ya tabbatar da abin da na faɗa, ina roƙon a soke takardar kora, a ba mutumin nan shaidar aiki ta gaskiya, a mayar masa da haƙƙinsa na jirgi, a kuma ba da abin ɗaukarsa zuwa tashar jirgin ƙasa, domin ba zai iya hawan doki ba. In wannan roƙo zai jawo mini rasa kujerata, na sani kuma na yarda. Abin da nake nema kawai shi ne amsa ta iso kafin ruwan bana ya sauka ya rufe hanyar kudu.